Yadda Ake Lissafin Nisa Da Awannin Tafiyar Jirgi Daga Kano Zuwa Jidda

Shekarar da Inna ta je Umara, ƙanena ya turo hoton tikitinta a zauren WhatsApp na gidanmu. Tashi daga Kano ƙarfe 11:00 na dare, sauka Jidda 5:40 na asuba. Dawowa kuwa, tashi daga Jidda 10:00 na safe, sauka Kano 12:50 na rana. Nan musu ya kaure. Zuwa awa shida da minti arba'in, dawowa ko awa uku ba ta cika ba? Baffa ya ce ai dama hanyar gida ta fi sauri. Wani ya ce ejan ne ya yi kuskure. Inna kuwa damuwarta ɗaya, ƙafarta da ke kumbura in ta daɗe a zaune, ita dai a gaya mata awa nawa za ta yi a kujera.

Babu kuskure a tikitin, kuma tafiyar biyu kusan tsawonsu ɗaya. Ga yadda za ka gano haka da kanka, da wayarka da kalkuletar da ke cikinta. Na ɗauki Kano da Jidda ne don ita ce doguwar tafiyar jirgin da mutanenmu suka fi yi, amma lissafin na aiki ga kowane filaye biyu.

Mataki na 1: Tabbatar da filayen da kake magana a kansu

Kowane filin jirgin fasinja yana da lamba ta haruffa uku, ita ake bugawa a tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka. Filin jirgin Malam Aminu Kano KAN ne. Na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda JED, na Madina MED, Abuja ABV, Yamai NIM, Sakkwato SKO, Maiduguri MIU. Yi amfani da waɗannan haruffa maimakon sunan gari, domin manyan birane irin Landan da Dubai filinsu ya fi ɗaya. Ka kuma buɗe ido wajen bugawa: KAN Kano ce, amma CAN Guwanzu ce ta ƙasar Sin, KNO kuma wani fili ne a Indonesiya. Harafi ɗaya ya isa ya kai lissafinka wata nahiya.

Maniyyaci ya duba da kyau ko Jidda za a sauke shi ko Madina. Nisan bai bambanta sosai ba, amma abin da zai biyo bayan sauka ya bambanta, za mu zo kansa.

Mataki na 2: Nemo nisan miƙaƙƙiyar hanya

Hanya mafi sauƙi: buɗe Google Maps, danna kan filin jirgin Kano ka riƙe har alama ta fito, zaɓi auna nisa, sannan ka ja taswirar har zuwa filin jirgin Jidda. Ko ka shiga shafin Great Circle Mapper ka rubuta KAN-JED. Za ka sami abin da ya kai kimanin kilomita 3,420. Zuwa Madina kimanin 3,560.

Kafin ka rubuta lambar, duba ma'aunin da aka yi amfani da shi, don iri uku ne ke yawo a intanet. Akwai kilomita. Akwai mil irin na Amurka da Ingila, wanda ɗaya daidai yake da kilomita 1.609. Akwai kuma mil na teku, wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, kilomita 1.852. Saboda haka nisan nan guda za ka iya ganinsa an rubuta 3,420 a wani shafi, 2,125 a wani, 1,850 a na uku, kuma duk gaskiya suka faɗa. Mayar da komai kilomita tun daga farko ka huta.

In kana son ka ga daga ina lambar ta fito, ana iya yi da hannu, kuma ni a ganina ya cancanci a gwada ko sau ɗaya. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu na digiri: ɗaya na nuna nisansa daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, ɗaya na nuna nisansa gabas ko yamma daga layin Girinic, wanda ya bi ta Landan. Filin Kano yana digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Na Jidda yana 21.68 arewa, 39.16 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne a ko'ina.

Fara da arewa: 21.68 a cire 12.05, saura 9.63. Ninka da 111, ka sami kilomita 1,069. Wato da wannan Jidda ta fi Kano arewa.

Sai gabas: 39.16 a cire 8.52, saura 30.64. Ninka da 111, ka sami 3,401. Amma a nan akwai gyara. Ka tuna lemon zaƙi da aka ɓare: ɓangarorinsa suna da faɗi a tsakiya, suna tsukewa wajen kai da gindi. Haka layukan gabas da yamma suke, suna matsewa yayin da kake yin arewa. Don haka sai ka nemo tsakiyar 12.05 da 21.68, wato kusan 16.9, ka danna maɓallin cos a kalkuleta, ka tabbatar tana kan digiri. Za ta ba ka 0.957. Ninka 3,401 da 0.957, ka sami 3,255.

Yanzu kana da gefe biyu na alwatika, nisan da kake nema shi ne gefe na uku. Ninka kowanne da kansa: 1,069 sau 1,069 ya ba da 1,142,761, sai 3,255 sau 3,255 ya ba da 10,595,025. Haɗa su, ka danna maɓallin √. Amsa 3,426. Tsakaninta da ta kwamfuta 'yan kilomitoci ne da ba su kai tafiyar minti ɗaya a jirgi ba.

Wannan dabarar ta hannu tana da iyaka, domin tana ɗaukar duniya tamkar shimfiɗaɗɗiyar tabarma. A tafiya mai tsawon Kano zuwa Jidda ba ta cutarwa. In ka gwada ta daga Kano zuwa Guwanzu za ta ƙara maka kusan kilomita 200 a kan ainihin nisan, wanda yake kimanin 10,940. A nan bar wa kwamfuta aikinta.

Wani abu da za ka lura da shi a taswirar: layin bai miƙe gabas sak ba. Daga Kano yana karkata arewa maso gabas, kusan digiri 68 daga arewa, ya bi ta saman Jigawa da Yobe, ya shafi kudu maso gabashin Nijar wajen Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana saita alƙiblar sabon masallaci a Kano ya san wannan karkatar, kusan layi ɗaya ne. Kuma ƙasashen nan da jirgi ke ƙetarewa cikin dare ɗaya su ne kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna, wata da watanni, wasu shekaru, wasu ma suka yada zango a Sudan zangon ya zama gida har jikoki.

Mataki na 3: Mayar da nisa zuwa awanni

Jiragen fasinja masu dogon zango, in sun kai can sama, ƙafa dubu 35 zuwa dubu 40, suna gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa. Manya irin Boeing 777 da 787 suna wajen sama na wannan adadi, ƙanana irin Boeing 737 da Airbus A320 suna wajen ƙasa. Ni 850 nake ɗauka, ba ta cika ba ni kunya ba.

Raba 3,420 da 850, ka sami 4.02, wato awa huɗu da ɗan ɗoriya. Sai ka ƙara minti talatin. Dalili kuwa jirgi ba ya fara wannan gudun daga tashi. Yana hawa sannu a hankali, yana rage gudu tun yana da sauran tafiya kafin sauka, sannan lokacin da ke cikin tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka janye jirgi daga wurin da ya tsaya, ya haɗa da rarrafen da yake yi zuwa titin tashi da wanda yake yi bayan ya sauka. Kano zuwa Jidda ta miƙaƙƙiyar hanya ke nan wajen awa huɗu da rabi. A fili mai cunkoso irin Jidda a lokacin aikin Hajji, minti arba'in da biyar ya fi dacewa da talatin.

Ga wani rami da 'yan boko ma ke faɗawa. In kalkuleta ta ba ka 3.65, ba awa uku da minti sittin da biyar take nufi ba. Ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka da 60: 0.65 sau 60 minti 39 ne. Awa uku da minti 39.

Mataki na 4: Tambayi kanka ko jirgin zai bi layin nan kuwa

Layin da ka auna shi ne mafi gajarta, amma sama ma tana da hanyoyinta da iyakokinta, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samaniyarta. A kwanakin lafiya ƙarin da wannan ke jawowa kaɗan ne. In aka rufe sararin wata ƙasa kuwa, lissafi ya canza gaba ɗaya.

Alhazan 2023 sun ga haka da idonsu. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun shekarar, aka rufe sararin samaniyarta, ga shi kuwa babban yanki na hanyar Kano zuwa Jidda ta samanta yake bi. Dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa kewaye ta, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ya ƙaru. A watan Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Najeriya suka shiga nasu zagayen.

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: duk ƙarin kilomita 850 ƙarin awa ɗaya ne a kujera. Hanyar sanin abin da ake ciki a makon tafiyarka kuwa ita ce lambar jirgin da ke kan tikiti, haruffa biyu da 'yan lambobi. Rubuta ta a shafukan bin diddigin jirage irin Flightradar24 ko FlightAware, za su nuna maka tafiye-tafiyen da jirgi mai wannan lamba ya yi a kwanakin baya, da layin da ya bi a taswira, da awannin da ya ci. Duba uku ko huɗu ka ɗauki tsaka-tsaki. In lissafinka ya ce huɗu da rabi amma jirgin yana cin shida, kalli layin, za ka ga inda ya lanƙwasa.

Iska ma tana da nata rabon. A can sama akwai igiyoyin iska masu ƙarfi, mafi shahara su ne masu kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman Tekun Atilantika. Su ne suka sa New York zuwa Landan take wajen awa bakwai, komawa kuma wajen takwas. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya sami iskar guguwa a bayansa, ya yi New York zuwa Landan cikin awa huɗu da minti 56. A hanyarmu bambancin bai kai haka ba, 'yan mintoci ne da ke sauyawa da yanayin shekara.

Mataki na 5: Agogo

Wannan shi ne abin da ya haɗa musu a gidanmu. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi agogon garin tashi, lokacin sauka agogon garin sauka. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaban agogon GMT da awa ɗaya. Saudiyya tana gabansa da awa uku. Tsakaninmu da su awa biyu ke nan, su ne a gaba. Mai tashi daga Ghana, inda agogo yake daidai da GMT, awa uku zai lissafa.

Abin yi shi ne ka mayar da lokutan biyu agogo ɗaya kafin ka yi ragi. Tikitin Inna ya ce sauka Jidda 5:40 na asuba. A agogon Kano 3:40 ne na dare. Daga 11:00 zuwa 3:40, awa huɗu da minti arba'in. Dawowa: tashi 10:00 na safe a Jidda, wato 8:00 a Kano. Daga 8:00 zuwa 12:50, awa huɗu da minti hamsin. Ashe dawowar ma ta fi zuwan tsawo da minti goma. Da na tura wannan a zaure, Baffa cewa ya yi, "To, ai ni ban ce ga agogon da nake nufi ba."

In za ka gabas, cire bambancin daga abin da ido ya gani a tikiti. In za ka yamma, ƙara shi.

Wasu ƙasashe suna matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya a lokacin zafi. Najeriya da Saudiyya ba sa yi, amma Masar ta koma yi tun 2023, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Mai yada zango a Alƙahira ya sani cewa tana gaban Kano da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu a lokacin zafi. Adis Ababa agogonta ɗaya da na Jidda, sai dai in ka tambayi mutumin gari ƙarfe nawa zai iya ba ka lissafin gargajiyarsu, wanda ke fara ƙirga awa daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe ya ce maka ƙarfe ɗaya. Allunan filin jirgi da tikiti ba sa bin wannan, su za ka duba.

Ka kuma lura da ɗan +1 da ake sakawa gefen lokacin sauka, ma'anarsa washegari. Tikitin da ya ce ƙarfe 00:30 ranar Talata kuwa, daren Litinin za ka tafi filin jirgi. Mutane da yawa sun rasa jirgi a kan wannan, sun iso da jakunkunansu daren Talata jirgi ya yi kwana guda da tafiya.

Mataki na 6: In akwai yada zango

Masu tafiya Umara da masu bin jirgin yawo sau da yawa ba sa samun jirgi kai tsaye. A nan kowane zango lissafinsa daban, kowanne da nasa minti talatin.

Ta Alƙahira: Kano zuwa can kimanin kilomita 3,100, wajen awa huɗu da minti goma. Daga can zuwa Jidda kimanin 1,215, wajen awa biyu. Jimilla kilomita 4,315, sama da awa shida a sama. Ta Adis Ababa: kimanin 3,330 sannan 1,410, jimilla 4,740, wajen awa shida da rabi. Kan wannan sai ka ɗora zaman jira, wanda yake iya zama awa biyu, yake iya zama kwana. Zaman jira shi ne ba ya buƙatar wahala, tunda sauka da tashin duk a gari ɗaya ne, agogo ɗaya. Ragi kawai za ka yi.

Ra'ayina game da tsofaffi: kada ka saya musu tikitin da jiransa bai kai awa biyu ba, komai arharsa. Jirgin farko ya makara da minti arba'in, ga bincike, ga tafiya mai nisa tsakanin ƙofofi, ga Hajiya da ba ta jin harshen kowa a wurin. Jiran awa uku zuwa huɗu ya fi kwanciyar hankali.

Ɗan kasuwa mai zuwa Guwanzu ta Adis Ababa zai ƙara kimanin kilomita 8,040 a zango na biyu, wajen awa goma, ga bambancin awa bakwai tsakanin agogon Sin da namu. Shi ya sa yake barin Kano yau da rana ya isa gobe, a dawowa kuma ya ga kamar rana ta ƙi faɗuwa.

Mataki na 7: Yi amfani da lissafin

Ga maniyyaci, amfanin farko harami ne. Wanda za a sauke a Madina yana da sarari, miƙatinsa Zul Hulaifa, sai ranar da zai bar Madina zuwa Makka. Wanda za a sauke a Jidda ya wuce Makka kai tsaye kuwa, a jirgi abin zai same shi, wajen ƙarshen tafiya. A jirage da yawa ana yin sanarwa kafin a zo daidai miƙati, amma in ka jira sanarwar kafin ka nemi wurin canza kaya, za ka tarar da layi a ƙofar banɗaki, kuma jirgi na gudun kilomita goma sha huɗu a minti ɗaya. Yi wanka ka ɗaura tun daga Kano ko filin da ka yada zango, niyya kawai ta rage. Hukuncin inda ya kamata ka yi niyyar kuma ka ji shi daga malamin bita kafin ranar tashi.

Na biyu sallah. Mai tafiya gabas rana na gudu a gabansa. Ka tashi Kano ƙarfe biyu na rana, bayan awa huɗu da rabi agogon hannunka zai ce shida da rabi, amma a Jidda takwas da rabi ne na dare, magariba ta daɗe da wucewa. Mai Umarar azumi ya san da wannan: yininsa na zuwa gajere ne, na dawowa kuma dogo.

Na uku, abin da za ka gaya wa mutanen gida. Awannin sama rabin labari ne. A tafiyar ƙasa da ƙasa ana son ka isa fili awa uku kafin tashi, saboda awon kaya da jami'an shige da fice. Jigilar alhazai ta jiha kuwa kowa ya san zaman sansanin alhazai ba shi da agogo. Bayan sauka a Jidda akwai duba fasfo da biza, da jiran jaka, sannan tafiyar mota ta kusan kilomita ɗari zuwa Makka, ko jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, wanda yake da tasha a filin jirgin. Tafiyar awa huɗu da rabi a sama tana iya cin awa goma sha biyu daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki. Wannan adadin za ka ba mai ciwon suga da mai shan maganin hawan jini, su sa magani da ɗan abin taɓawa a jakar hannu, kada su bar su cikin babbar jakar da aka auna.

Ranar dawowar Inna, na buɗe Flightradar24 da safe na ga jirginsu bai bar Jidda ba sai 11:15 agogon can, wato 9:15 namu. Na ƙara awa huɗu da minti hamsin, ya ba ni 2:05. Na ƙara awa ɗaya ta shige da fice da jiran jakunkuna da jarkar zamzam. Na rubuta a zaure cewa kada kowa ya bar gida kafin biyu da rabi. Ƙanena bai yarda ba, tun sha biyu yana can yana shanya a bakin ƙofar fitowa. Inna ta fito uku da kwata.